Wanne Zane Ka Ce A Goge?

Kebbe,
18 ga Nuwamba, 1979.

Zuwa ga ƙanena Almu,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri, cikin sunan Ubangijinmu da ya riƙe mu da rai har muka ga wannan kaka. Ina fata takardata za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Sauda da 'yar tawa Atu, wadda na ji an ce ta fara tafiya tana jawo muku kwanuka ƙasa. Kullum ina roƙon Allah ya ba ka lafiya da buɗin kai a karatun fastocin da ya kai ka Jos, ya kuma raba ku da sanyin garin nan da ake ba mu labari. Mu nan lafiya muke, sai abin da ba a rasa ba. Gero ya yi kyau bana, dawar ma ba laifi, ko da yake ta Kawu Sambo a Fakku tsuntsaye sun yi mata ɓarna. Makarantarmu ta cika ta batse, ni kaɗai ina da yara saba'in da uku, rabinsu a gindin darbejiya muke karatu da su. Har yanzu kowace Juma'a in an tashi nakan hau mota zuwa Tambuwal wurin Baba, in yi masa wanki da daka, in dawo ran Lahadi bayan sujada.

To, na gama gaisuwa kamar yadda aka koya mana. Yanzu ka gyara zama, don raina a ɓace yake, kuma da kai nake. Wasiƙar da ka aiko wa Malam Bube, mai bisharar majami'armu, ta iso, an karanta ta, an kuma yi aiki da ita. Layi uku ka rubuta. Ina so ka san abin da layukan nan uku suka yi, tun da shekara biyu ke nan ba ka taka ƙafarka gida ba, kuma na tabbata babu wanda ya zauna ya ba ka labarin daga farko.

Ka san zazzaɓin da ya kama Baba a daminar bara, wanda na rubuta maka cewa ya warke. Abin da ban rubuta maka ba shi ne kwana uku ya yi bai san inda kansa yake ba, har mun fara shirin aika maka mutum. Ran na huɗu da hantsi ya buɗe ido, ya dubi hannuwansa, ya fashe da kuka. Ni na ɗauka ciwo ne. Sai da ya ji ƙarfi ya gaya mini wai an kai shi Sama ya gani. Ya ce wata fadama ce wadda ido ba ya ganin ƙarshenta, gero da dawa da shinkafa duk sun nuna a lokaci ɗaya, ga gulbi cike amma ba ya cin gona, ga haske ko'ina amma babu rana balle zafinta. Ya ce ya ga mutane birjik, kowa da yatsunsa goma, har shi. Kai ka san tun kafin a haife mu kuturta ta cinye masa yatsu, ka kuma san yadda Inna, lokacin tana da rai, take tara masa ƙwarya a baki in ya dawo daga tasha, don ba ya iya riƙewa. To ya ce a can ya tarar da Inna zaune a bakin gulbin, ta ɗebo ruwa, amma ba ta kai masa baki ba. A hannu ta miƙa masa, ya karɓa, ya sha da kansa.

Tun daga ranar bai sake samun sukuni ba. Aikin tasha ya yi yawa yanzu, manyan motoci sababbi kullum shigowa suke, kowane direba yana son Na'Allah mai fenti ya zana masa zaki ko ɗawisu a bodi. Amma hankalinsa ba ya can. Ya riƙa tara ragowar fenti a gwangwanaye, sannan ya je ya roƙi dattawa su ba shi bangon gabas na majami'a, wanda ka san fili ne tun da aka gina shi. Malam Bube ya yi murna da farko, ya ce ai yara za su koyi wani abu. Dattijo Ɗangiwa ne ya ƙi. Ya ce doka ta hana yin siffar abin da ke Sama, ya ce kuma mu 'yan kaɗan ne a garin malamai, ranar da aka leƙo aka ga mutane a bangonmu za a ce ga shi nan, dama gumaka muke bauta wa. Ba zan yi masa ƙarya ba, maganarsa ta biyu tana da kan gado, don mu muka san yadda muke lallaɓa zamanmu da maƙwabta. Sai aka shirya a kan cewa Baba ya yi zanensa, amma kada ya zana Ubangiji, kada kuma ya yi wa kowa ido ko hanci ko baki. Baba ya yarda.

Wata huɗu ya yi yana aikin nan. Ni nake ɗaura masa buroshi a hannu da roba ran Asabar, sauran ranaku matar maƙwabcinsa take taimaka masa. Almu, da ka ga bangon nan da ka san ubanka ba mai zanen mota ba ne kawai. Koren fadamar kamar ka sa hannu ka tsinko, rumbuna a jere babu murfi, hasken yana fitowa daga bayan wata giginya ba ka san mafarinsa ba. Mutanen kuwa baƙaƙe ne irinmu, fuskokinsu a shafe kamar yadda aka yi alkawari. Mace ɗaya ce kawai, a bakin gulbin, da ƙwarya a hannu, wadda ya yi wa wani abu. Bai yi mata ido ba, bai yi mata baki ba, bai karya alkawari ba ko kaɗan. Zanen fuskarta ya yi mata, tara a kuncin dama, takwas a hagu, har da guda ɗayan nan da ya karkace saboda ta motsa a hannun wanzami ranar suna. Dattawa sun hana ido da baki, sun manta a ƙasarmu ba da ido da baki ake gane ɗiyar wane ba.

Matan zumunta duk sun gane ta tun ranar farko, suka yi gum da bakinsu. Su ne fa Inna ta yi wa unguwarzoma shekara da shekaru, ba ta taɓa tambayar wace ce mai salla wace ce mai sujada ba. Malam Bube kuwa bayan rasuwarta aka kawo shi, bai santa ba. Wata biyar bangon nan yana nan, ana sujada a gabansa, ban ga wanda ya durƙusa masa ko ya roƙe shi ruwan sama ba. Sai wata ranar kasuwa Kawu Sambo ya zo daga Fakku, ya ji ana labarin surukinsa ya zana Aljanna. Ka san Kawu, malami ne, ko inuwar majami'a ba ya bi. Amma ranar ya zo ya tsaya ta taga ya leƙa. Na zaci zai yi faɗa. Ya daɗe yana kallo, sai ya ce da ƙarfi, "Wagga ai Marka ta," ya sa hannun riga ya share ido, ya juya ya tafi. Malam Bube yana ciki yana gyara benci, ya ji. Ya tambayi wace ce Marka, aka ce masa matar Na'Allah ce, ta rasu shekara uku da suka wuce, kuma da sallarta ta rasu, 'yan'uwanta suka yi mata sutura a Fakku.

Daga nan majami'a ta rabu gida-gida. Ɗangiwa ya ce dama ya faɗa, hoto ba ya kawo komai sai fitina, a kawo farar ƙasa a shafe bangon gaba ɗaya. Malam Bube ya ce shi hoton bai dame shi ba, abin da ya dame shi koyarwa ce, don duk yaron da ya ga matar nan zai ce ashe ana shiga ba tare da an bi ta wurin Almasihu ba, to wa'azin me kuma zai yi. Wani ɗan Ibo mai sayar da kayan mota, ɗan Katolika da yake zuwa wurinmu don ba su da majami'a a nan, ya ce su a wurinsu bango ba ya zama fili, hoto wa'azi ne ga wanda bai iya karatu ba. Ɗangiwa ya ce masa ya bari sai ya koma garinsu. Wata tsohuwa ta ce wahayi baiwa ce, wanda aka nuna wa bai kamata a toshe masa baki ba, aka ce mata zazzaɓi ma yana nuna wa mutum abubuwa. Ni ma na buɗe baki na tambaye su hotunan nan na makarantar Lahadi da Turawan mishan suka bar mana, waɗanda muka taso muna kallo, mutanen ciki duk farare da idonsu da bakinsu har da gemu, me ya sa ba su zama gumaka ba? Aka ce wannan dabam, a ƙasar Turawa aka buga su. Aka kuma tuna mini mace ce ni.

Baba kuwa magana ɗaya kawai yake maimaitawa: "Ni abin da nig gani shi niz zana." Bai ce shi ya sa ta a can ba, bai ce ya fi kowa sani ba. Da suka ga ba zai motsa ba, sai suka sa shi cikin horo, suka hana shi Jibin Ubangiji, gurasa da ƙoƙon nan da ake raba mana a teburin sujada, har sai an warware maganar. Ka dai san abin da teburin nan yake a wurinsa. Mutumin da danginsa suka ware masa ƙwaryarsa saboda ciwo, a teburin nan ne aka fara ba shi ƙoƙo ɗaya da masu yatsu. Sau biyu ana yi yana zaune a bencin baya, ana wuce shi. Duk da haka bai sauya magana ba. Shi ne Malam Bube ya ce a rubuta maka, tun da kai ɗan majami'ar ne da ke babbar makaranta, kuma tsoho in bai ji maganar kowa ba zai ji ta ɗansa.

Na tambayi Malam Bube abin da ya rubuta maka, ya kuma gaya mini. Ya ce bai ambaci suna ba don kada ya sa ka cikin kunya, cewa ya yi wani ɗan'uwa ya zana Sama a bango, ya sa wata mace da ta mutu ba ta ba da gaskiya ba, ana gane ta da zanen fuskarta. To, malam mai karatu, ina tambayarka. Wane ɗan'uwa ne a duk Tambuwal yake riƙe buroshi in ba ubanka ba? Wace mace ce zai zana in ba uwarka ba? Ko dai ba ka tsaya ka yi tunani ba, ka amsa kamar tambayar jarrabawa, ko kuwa ka gane sarai ka rubuta abin da ka rubuta. Na yi ta juya abin a raina, har yau ban san wanne ya fi mini ciwo ba.

Ranar da amsarka ta zo, bayan sujada aka tara mu. Idon Malam Bube yana ciwo, Ɗangiwa kuma karatunsa na tsohon ɗan sanda ne, sai aka miƙo mini, wai ni ce malama. Ni na tsaya gaban jama'a, Baba yana zaune yana murmushi don ya ji an ce takardar Almu ce, na karanta gaisuwarka layi ɗaya, ayar da ka kawo layi ɗaya, sannan na ƙarshen: idan zanen ne yake kawo tuntuɓe, a goge shi. Ka ga ikon Allah, sai aka rasa wanne zane kake nufi. Ɗangiwa ya ce zanen bangon duka, Malam Bube ya ce a'a, zanen fuskar matar kawai. Har wani ya ce ko zanen da ta ɗaura ne, don irin na matan Fakku ne, sai ka ce tsirara za a bar ta a bakin gulbi. A baki ai ba a rikita zanen ɗaurawa da na bango, amma kai a takarda ka zo, takarda kuwa ba ta da murya. Tun azahar ake ja har la'asar, manyan mutane, a kan kalma ɗaya da kai ka rubuta ka rufe ambulan ka tafi cin abinci. Da dariya abin zai ba ni in da ba fuskar uwata ake rabo ba.

A ƙarshe maganar Malam Bube aka ɗauka, kuma shi a ganinsa rahama ya yi: bango ya zauna, fadama ta zauna, matar ma ta zauna, a goge zanen fuskarta kawai ta zama kamar sauran. Aka ce kuma mai zanen ne zai goge da hannunsa, don a san ya tuba. A hanya na ce wa Baba kada ya yi, na ce zan rubuta maka ka gyara maganarka, ya jira wata ɗaya kawai. Ya ce a'a. Ya ce dattawa bai ji tsoronsu ba, don sun san abin da ya sani ne kawai, amma Almu ya yi karatu, shi bai yi ba, in Almu ya ce a goge to akwai abin da ya gani a cikin Maganar Allah wanda shi jahili bai gani ba. Ka ji fa. Watanni ya yi yana tsaye a kan ƙafarsa gaban majami'a guda, kai ka kayar da shi da layi ɗaya.

Asabar biyu da suka wuce, da safe, ya ce in ɗauko gwangwanin fenti mai ruwan ƙasa. Ni na ɗaura masa buroshin. Wannan ma ina so ka sani, don ban wanke kaina ba: bakina ne ya karanta, hannuna ne ya ɗaura. Da shafa ɗaya zai iya gamawa, amma bai yi haka ba. Ɗaya bayan ɗaya ya bi su, ya fara da kuncin dama, yana yi yana ƙirgawa a hankali kamar mai gudun kada ya ji mata ciwo. Ya bar karkataccen nan har ƙarshe. Ya tsaya a gabansa har fentin ya fara bushewa a buroshi, sai da ya sake tsomawa. Da ya gama Malam Bube ya ce Allah ya yi albarka, Baba ya miƙo mini hannu in kwance robar. Washegari aka ba shi Jibin Ubangiji, ya karɓa, Ɗangiwa har da riƙe masa kafaɗa. Yanzu kowa ya huta, majami'a lafiya lau, ana ta shirin Kirsimeti.

Kada ka ɗauka ban san koyarwa ba. Rana ɗaya aka yi mana baftisma da kai, na san abin da aka ce game da hanya, kuma ban ce maka na san inda Inna take ba. Ban sani ba. Amma kai ma ba ka sani ba, Malam Bube ma bai sani ba, babu wanda aka ba mabuɗi ya leƙa ya dawo ya karanta mana sunaye. Abin da na sani shi ne matar nan danginta sun yi sawu ya fi a ƙirga su ɗauke ta daga gidan kuturu Kirista, ta ƙi. Ta yi azuminta, ta wanke mana kayan Lahadi, ita ta raka ka tasha ranar da za ka tafi makarantar nan. Ko hotonta ɗaya ba mu da shi. Bangon nan ne kaɗai wurin da ya rage a duniya da mutum zai duba ya ce ga Marka, kuma ko tambayar wace ce ba ka yi ba.

Tun ranar Baba bai koma tasha ba. Direbobi suna ta sallama, yana cewa a gaya musu hannunsa ya gaji. Yana cin abinci kaɗan, yana zuwa sujada, amma ya sauya wurin zama, ya koma inda bangon yake bayansa. Bai yi fushi da kai ba, da ma ya yi da na fi samun sauƙi. Jiya da nake shanya masa kaya ya kira ni, ya ce in zan rubuta maka in yi maka tambaya ɗaya, don abin ya tsaya masa a rai, kuma kai kaɗai ya yarda ka sani. Ga ta yadda ya faɗe ta: "In ba can take ba, to ni ina nit tafi? Wa yab ba ni ruwa?"

Na isar da saƙo. Ka gaida Sauda da kyau, ka ce na gode da sabulun da ta aiko, ka shafa mini kan Atu. Kawu Sambo yana gaishe ka, bai san abin da aka yi wa bangon ba tukuna, kuma ba ni zan gaya masa ba. Goggo Zahara'u da mutanen Sanyinna duk suna gaisuwa. Baba ya ce in gaishe ka ƙwarai, ya ce ka dage da karatu, ka kuma riƙa rufe ƙirjinka saboda sanyi.

Amsar tambayarsa kuwa, kada ka wahalar da kanka ka sa ta a ambulan. Duk takardar da ta zo daga gare ka zan ajiye ta a rufe, ba zan ƙara ara maka bakina ba. Ana ba ku hutun Kirsimeti, mota kuma tana zuwa Tambuwal kullum. Ka zo ka durƙusa a gabansa, ka dubi idonsa, ka gaya masa da bakinka wanda ya ba shi ruwa.

Ni ce yayarka,
Ni'imatu.